Layin Yayana

Ina tsakiyar haɗa hannun rigar wata mata wayata ta yi ƙara a kan teburin keken ɗinki. Ban yi niyyar dubawa ba, don zauren hirar unguwarmu na waya ya daɗe da komawa wurin tura hoton furanni da tallar maganin rage ƙiba. Idona ne kawai ya faɗa kan gilashin.

"Yayana yana rubutu…"

Allura ta shige mini yatsa ban ko ji ba. Yayana da ruwa ya tafi da shi a daminar bara, Yayana da na ga an fito da shi daga gidanmu a kafaɗun mutane, wai shi ne yake rubutu. Na zuba wa wayar ido, jini yana ɗiga a kan farin yadin mutane, har saƙon ya shigo.

"Salamu alaikum. Don Allah ku su wane ne? Na tsinci kaina a nan, ban san kowa ba."

Zauren da ya shekara ba wata maganar kirki nan take ya kaure. Wannan ta turo salati, wancan ya turo addu'ar neman tsari. Matar mai wanki ta turo murya tana kuka tana cewa ita dama ta yi mafarkinsa. Wasu ko tambaya ba su tsaya yi ba, sai gani muka yi sun fice ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na zame daga kujera na zauna a ƙasa cikin guntayen yadi.

Yaya ne ya buɗe zauren nan, saboda babbar kwatar da ta raba unguwarmu biyu. 'Yar gadar da aka yi mana a kanta tun damina ta farko ta tsage, ƙarafunanta suka fito waje, amma ta nan yara ke bi zuwa makaranta, ta nan ake bi da mai naƙuda zuwa asibiti. Tsarin Yaya ɗaya ne: ba ya rubuta wa kowa kokensa. Cewa yake kowa ya danna waya ya faɗa da bakinsa, wanda ya iya rubutu da wanda bai iya ba, in an tara muryoyin a kai gaban hukumar gari a kunna musu su ji da kunnensu. Ana cikin tarawar ne aka yi wani ruwa da rana tsaka, ya fita ɗauko hoton gadar don ya zama shaida. Gefen da ya taka ya rufta. Shi da wayarsa duka kwatar ta haɗiye, sai daga baya aka tsamo gawarsa.

Sai bayan an share makoki muka lura da wautarmu. Yaya kaɗai ne admin, wato makullin zauren a hannunsa yake, ba mai iya shigar da wani sai shi. Sababbin 'yan haya su zo su ce a saka su, mu ce sai haƙuri, mai makullin ba ya nan. Buɗe wani sabo kuma ba wanda zuciyarsa ta ba shi. Haka muka zauna shekara guda mamaci yana riƙe mana ƙofa, maganar gada kuwa aka binne ta tare da shi.

Da hankalina ya ɗan dawo na danna lambar. Ban san sau nawa na kira ta a baya ba, kullum muryar matar kamfani ce ke ce mini a kashe take. Ranar sai ta shiga.

Ko sallama ban yi ba.

"Wane ne kai? Ina ka samo layin ɗan'uwana?"

Murya ce mai sanyi, ba ta kama da ta Yaya ko kaɗan, amma duk da haka sai da tsigar jikina ta tashi. Ya ce shi malamin firamare ne a can ɗaya gefen gari, an zare masa waya a motar haya, ya je ofishin kamfani ya sayi sabon layi. Yana haɗawa ya ga kansa cikin mutanen da bai sani ba. Ashe in layi ya daɗe ba a amfani da shi kamfani karɓewa yake ya sayar wa wani. Na zazzage masa duk abin da ke bakina, na kira shi mai cin gadon mamaci, ya bar ni har na gaji don kaina. Sannan ya yi wa Yaya addu'a.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Yanzun nan zan fita daga zauren."

"Kada ka fita!"

Ni kaina ban san lokacin da ta fito ba. Ya tambaye ni dalili.

"In ka fita, wayata za ta rubuta mini 'Yayana ya fita'… Na riga na ga fitarsa sau ɗaya."

Sai ya ce to ya ba ni makullin, in zama ni ce admin, shi ya koma gefe. Wannan ma na ƙi. Muddin lambar nan ce ke riƙe da ƙofa, a wurina Yaya bai gama barinmu ba. Ya ce ya ji, zai zauna har sai na sallame shi. Tun daga ranar 'yan unguwa suka sa masa suna Mai Layi.

Umma a bakin maƙwabta ta ji labarin, don ƙaramar wayarta mai maɓallai ba ta shiga zaure. Na dawo na tarar da ita zaune a bakin gado da wayar a tafin hannu. Ta ce, "Ashe lamba ma ana sayar da ita," ta juya fuskarta bango.

Ni na fara tura wa Mai Layi muryoyin Yaya, don ya san rigar wa ya saka. Na tura masa har ta ƙarshe, wadda ake jin yayyafi yana dukan lema Yaya yana cewa, "Jama'a kada ku gaji, kowa ya faɗa da bakinsa." Da ya saurara sai ya yi mini tambayar da duk unguwar ba wanda ya taɓa yi mini.

"To me ya sa kuka daina?"

Na ji haushinsa ƙwarai.

Ranar wata Asabar ya ce yana bakin kwatar, yana so ya ga gadar da idonsa. Na rufe shago na tafi ina ayyana wani dogo mai faɗin kafaɗa irin Yaya. Sai na tarar da wani siriri da tabarau, takalminsa duk ƙurar alli, ya durƙusa yana ɗaga wa wata yarinya jakar makaranta ta tsallaka katakon da aka shimfiɗa a inda gadar ta rufta. Na ce masa ai na zaci mai layin Yayana zai fi haka cika ido. Ya ce shi ma daga faɗan da aka yi masa a waya ya zaci zai ga mace mai tsawon ƙofa. Ranar ce na fara dariya tun rasuwar, na kuma ji kunyar yin ta a wurin da na yi ta.

Daga nan aiki ya tashi. Na riƙa tura masa lambobin waɗanda suka daɗe suna jira a ƙofa, yana shigar da su. Ya kafa doka cewa tallar magani da furanni su koma wani wuri. Ya gano cewa hukumar gari tana zaman jin koken jama'a kafin damina, ana kuma nuna zaman kai tsaye a waya, sai ya nema mana gurbi. Ungozomar unguwa ce ta fara turo murya, ta ba da labarin matar da ta haihu a bakin kwatar don mota ta kasa tsallakawa. Mai faci ya biyo baya, sai mai kayan miya, sai iyayen yara. Tsofaffin da ba su da babbar waya shagona suke zuwa, in tsayar da keke in danna musu, su gyara zama su yi gyaran murya kamar a gidan rediyo.

Ni da shi kuwa kullum akwai dalilin kira. Da farko maganar gada ce, daga baya ta koma ko kin ci abinci, ko ɗaliban sun bar ka ka huta. Yana yawan ɗan tari saboda alli, ina yi masa faɗa ya riƙa shan ruwan ɗumi. Wata rana cajina ya ƙare na ari wayar Umma na kira shi. Da ya ji muryata sai ya tambaye ni wayar wace ce, na ce ta Umma. Ya ce "To," kawai, muryarsa ta canza, ban kawo komai a raina ba.

Abin da ya fi damuna sunan da ke gilashin wayata ne. Waya ta yi ƙara, in ga "Yayana", gabana ya faɗi irin faɗuwar da ba ta dace da yaya ba. In na kai hannu zan canza sunan sai yatsana ya ƙi, in ji kamar ni ce zan tura Yaya cikin ruwan da kaina. Na faɗa wa Mai Layi, ya ce in bar shi har zuciyata ta yarda.

"Amma ki sani, Auta," ya ce, "ni ba yayanki ba ne… kuma ba na so in zama."

Ban yi barcin kirki ba kwana biyu saboda wannan magana, kuma ba don ta ɓata mini rai ba.

Akwai wanda tashin zauren nan bai yi wa daɗi ba, shi ne Ɗan Kwangila. Kamfanin mahaifinsa ne ya yi mana gadar da ta rufta. Ya daɗe yana faka mota a ƙofar shagona da sunan kawo ɗinki, turarensa yana riga shi shigowa, ni kuma ina karɓar yadin in miƙa wa abokiyar aikina. Kawu, ƙanin marigayi mahaifinmu, wanda maganar aurena ke hannunsa, shi kam ya gama ba shi ni a zuciyarsa. Da Ɗan Kwangila ya ji an ba mu ranar zama, takanas ya bi Mai Layi har makaranta ya ce ya sayar masa da layin, ya faɗi duk kuɗin da yake so. Mai Layi ya ce ba na sayarwa ba ne. Kowa ya san in makulli ya shiga hannun Ɗan Kwangila, zai watse mu ne ɗaya bayan ɗaya kafin ranar.

Da saye bai yiwu ba sai ya canza salo. Wata safiya ya saki murya a zauren, cikin tausasa harshe kamar mai ta'aziyya. Wai shi tausayin Umma yake ji. Wai wani baƙo da ba a san asalinsa ba ya saka rigar mamaci yana yawo a cikinmu, ya tattara muryoyin mutane ba a san inda zai kai ba, yanzu kuma yana amfani da sunan marigayi yana yaudarar ƙanwarsa. Ya ce wace irin yarinya ce za ta riƙa hirar soyayya da lambar yayanta da ke kabari.

Maganar ta kama mutane, don dama tsoron bai gama barinsu ba. Wasu suka goge muryoyinsu. Matan da ke zuwa shagona suka ɗauke ƙafa. Kawu kuma ya ɗauko wayarsa ya zo har tsakar gida ya kunna wa Umma.

Umma ba mai faɗa ba ce, shi ya sa maganarta ta fi duka ciwo. Ta kira ni ɗaki ta ce in zauna.

"Auta, ba zan iya ba. Ki auri duk wanda kike so, amma ban da wanda ke yawo da lambar ɗana a aljihu. Kullum in gan shi in tuna wanda ya kamata ya ɗauki wayar nan?"

Na buɗe baki zan yi magana, sai na haɗiye. Uwar da ruwa ya cinye wa ɗa ba a yi mata gardama. Na rubuta wa Mai Layi cewa ya daina kirana, ya amsa da "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya kuwa daina. Na riƙa duba wayar kamar mai jiran sakamakon asibiti, sunan Yaya bai sake haskawa ba. Sai na ji kamar an yi mini rasuwa biyu a lamba ɗaya. Gizagizai sun fara haɗuwa da yamma, yara suna ta bin katakon nan, zaure kuma ya sake yin tsit.

Wata safiya na tashi da wuri don in ƙarasa wani ɗinki. Zan wuce ƙofar Umma sai na ji motsi a ɗakinta, irin motsin da ba na gidanmu ba. Ƙarar famfo, sai ƙarar buta a kan wuta, sai cokali yana kaɗawa a kofi. Na leƙa ta labule. Umma tana zaune a kan sallaya, ta ɗora ƙaramar wayarta a cinya ta buɗe sautin, idanunta a rufe, hawaye yana bin kumatunta. Ba ta magana, na cikin wayar ma ba ya magana. Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Sai na ji ɗan tarin nan na alli.

Ban buɗe shago ba ranar. Na hau mota har makarantarsu na tsaya a bakin aji sai da aka tashi tara. Da ya gan ni allin hannunsa ya faɗi. Na tambaye shi tun yaushe. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya ce tun washegarin ranar da ya sayi layin. Kullum da sassafe wata lamba takan kira, in ya ɗauka a yi shiru, sai numfashi. Da farko ya zaci masu wasa ne, amma numfashin bai yi kama da na mai wasa ba. Sai ya daina cewa "wane ne", ya koma ajiye wayar a kan tebur ya ci gaba da shirin fita aiki, har mai kiran ya gaji ya kashe. Sai ranar da na ari wayar Umma ya gane lambar.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ba sirrina ba ne. Ba ni take kira ba, Auta. So take ta ji akwai mai rai a ƙarshen layin… ni kuma ruwan shayi kawai nake dafawa."

Ko bayan ta hana shi ni ba ta fasa kira ba, shi ma bai fasa ɗauka ba. Na tsaya a gaban yaran mutane ina share hawaye da gefen mayafi. Ranar na tabbata ba lambar nake so ba, mutumin nake so, ko da zai zo mini ba waya a hannunsa.

Ya ce Kawu ya aiko masa cewa in yana son a saurare shi, ya kawo layin ya danƙa masa. Mu duka mun san a aljihun Ɗan Kwangila layin zai kwana. Ya ce zai rabu da shi, amma ba zai bar unguwa guda a hannun mutum ɗaya ba kuma, rayayye ko mamaci. A nan bakin ajin ya ciro waya ya ba ungozoma makulli, ya ba mai faci, ya ba mai kayan miya. Sannan ya ɗago ya dube ni. Na daɗe ina kallon sunan Yaya shi kaɗai a saman zauren kamar yadda ya shekara, sannan na gyaɗa kai. Sunana ya hau kusa da nasa.

Da yamma ya zo gidanmu, karo na farko. Kawu yana kan kujera, Umma tana gefe a kan tabarma ta ja mayafi har goshi, ni ina bakin ƙofar kicin. Ya gaishe su ya durƙusa, ya buɗe bayan wayarsa ya zare ɗan sim ɗin. Kawu ya miƙo hannu yana murmushi. Mai Layi ya wuce hannun kamar bai gani ba, ya ajiye shi a kan tabarma gaban Umma.

"Umma, ga amanar ɗanki. Ke ya kamata ta koma wa."

Umma ta ƙura wa ɗan abin ido, bai fi farcen yatsa ba. Ta tambaya, ba tare da ta dubi kowa ba, in ta ajiye shi a akwati me zai faru. Na ce mata kamfani zai sake karɓewa ya sayar wa wani. In ta saka a wayarta fa? Na ce to ba za ta iya kiransa ba, don ba a kiran kai. Kawu ya ce shi ya sa ya ce a ba shi ya adana. Umma ta yi kamar ba da ita yake ba.

Ta sa yatsa ta tura sim ɗin a hankali har gaban gwiwar Mai Layi.

"Mayar da shi. In ka cire… wa zai ɗauka da safe?"

Kawu ya dubi wannan ya dubi wancan, bai gane komai ba, mu ma ba wanda ya yi masa bayani. Umma ta ce shekara guda tana kira matar kamfani tana ce mata a kashe take, sai yaron nan ya zo ya bar mata ƙofa a buɗe, bai taɓa tambayarta ko wace ce ba, bai kuma taɓa tona ta ba, har bayan ta hana shi abin da yake so. Ta juya ga Kawu ta ce ya gaya wa mai motar nan ya nemi wani shagon ɗinki. Kawu ya tashi yana borin kunya yana cewa ai shi dama gyara yake nema.

Sannan ta ce in kawo wayata in danna mata abin nan da tsofaffi ke zuwa yi a shago.

Muryar Umma ba ta da tsawo. Ta ce ita ce uwar wanda gadar ta rufta da shi, ba ta zo neman a biya ta komai ba, tana so ne kada wata uwar ta koyi kiran lambar da ba a ɗauka. Kafin magariba waɗanda suka goge muryoyinsu sun sake turowa, waɗanda suka fice suna roƙon a mayar da su, yanzu kuma masu buɗe ƙofa sun yi yawa. Ɗan Kwangila da kansa ya fice, ba wanda ya kore shi.

Ranar zaman, mai faci ya ɗauko lasifikar shagonsa a kafaɗa. Muka cika ɗakin taron har baranda, waɗanda ba su samu zuwa ba suna kallo a waya suna turo saƙo. Da aka kira unguwarmu ba wanda ya tashi ya yi jawabi, na haɗa wayata da lasifika kawai. Ungozoma, iyayen yara, tsofaffi, Umma, ɗaya bayan ɗaya. Jami'an da ke ta latsa wayoyinsu suka ajiye. A ƙarshe na saki wadda ban gaya wa kowa zan saka ba. Ƙarar yayyafi a kan lema ta cika ɗakin, sai muryar Yaya tana cewa kada mu gaji. Mata suka rufe fuska. Ni kam sai da na waiga bakin ƙofa, don wallahi ji na yi kamar yana tsaye a can yana ƙirga waɗanda suka zo.

Ba a yi mana gada washegari ba, hukuma ba ta sauri. Amma an karɓe aikin daga hannun kamfanin su Ɗan Kwangila, an kafa ta ƙarfe ta wucin gadi kafin ruwa ya sauka, kuma tun da aka fara ginin sabuwar kullum sai wani ya turo hoton inda aka kwana. Ranar da ma'aikata suka yi fashi, kafin azahar ofishin hukuma ya gaji da kiranmu.

Bayan damina aka ɗaura mana aure. Ana gobe na zauna ni kaɗai a shago na canza sunan da ke wayata, na yi kukana na share.

Safiyar farko a ɗakinsa, gari bai gama wayewa ba wayarsa ta yi ƙara. Ya dube ni, na dube shi. Ya ɗauka ya buɗe sautin ya ajiye a kan tebur kamar yadda ya saba, ya buɗe famfo, ya ɗora buta. Na tsaya jikin bango na riƙe numfashina, ina jin na Umma yana fitowa daga wayar a hankali. Ruwa ya tafasa, cokali ya fara kaɗawa a kofi.

Sai ta yi gyaran murya.

"Malam… ka tashi lafiya? Ya tarin naka?"

Cokalin ya tsaya. Ya ce lafiya lau, Umma, da sauƙi. Ta ce ya riƙa shan ruwan ɗumi, ya kuma gaya wa Auta ta leƙo ta da yamma. Ta kashe.

Ya juyo yana murmushi, ya tarar na zame ƙasa ina kuka kamar ranar da aka fito da Yaya. Ya durƙusa ya riƙe hannuna yana tambayar me ya faru, ai Umma ta yi magana. Na kasa gaya masa. Malam ta ce, shi ta kira, ba wani ba. Sai a safiyar nan Yayana ya bar layin.